Ruwan bohol ɗinmu ya ƙi jin maganin pH, kifayen niyon tetira sai mutuwa suke

Basakkwace_120L:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifin ado. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ruwa, abin ya fara ɗaure min kai.

Ina da tankin gilashi mai cin lita 120 a falo, nan Sakkwato. Akwai filta mai soso, akwai famfon iska, ƙasan farar tsakuwa ce da wasu duwatsu da na tsinto bayan gari saboda sun yi min kyau. Ruwan da nike zubawa na bohol ɗin unguwa ne wanda 'yan ga-ruwa suke kawowa a jarka, shi muke sha shi muke wanki. Kifayena gupi da moli lafiyarsu lau, haihuwa suke ba ƙaƙƙautawa har na fara raba ma yaran maƙwabta. Amma niyon tetira da enjel da aka kawo min daga Legas su kam ba su ga daidai ba. Niyon ɗin kalar ta kwashe, sai ka ga ɗaya ya ware gefe yana numfashi sama-sama, da safe ka tsince shi kwance a ƙasa. Enjel ɗin ba su mutu ba amma sun lafe bayan dutse, cin abinci ma sai a hankali.

Wanda ya sayar min ya ce pH ne matsalar, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, wai waɗannan kifayen ruwa mai ɗan tsami suke so. Na gwada da takardar gwaji ya nuna wajen 8.2. Na sayi maganin rage pH na kwalba, in na ɗiga da dare sai ya sauko kusan 7, gari na wayewa ya koma inda yake kamar ban yi komai ba, ga kwalbar ta kusa ƙarewa kuma ba arha gare ta ba. Sannan akwai wani farin ɓawo da ke fitowa a gilashin daidai inda ruwa ya tsaya, da kan murfin, sai na sa reza nike kankarewa. Irinsa ne a cikin butar shayinmu.

Shawarwari kam na sha su. Wani ya ce in matsa lemun tsami, wani ya ce in dafa ruwan tukuna, wani ya ce piya wata kawai, maiɗakina ta ce in jira damina in tari ruwan sama. Mi ya kamata in yi? Kuma mi ne ne GH da KH ɗin nan da nike gani ana rubutawa, ba duk pH ɗin ba ne?

Dan_Kantin_Kwari:

Wslm oga. Gaskiya ni shawarata ka daina wahalar da kanka da aljihunka. Ruwanka ya riga ya gaya maka kifin da yake so, gupi da moli suna haihuwa ai magana ta kare. Ka karo filati da sodtel, duk dangi daya ne masu son ruwa mai nauyi, ko in kana son manya masu kala ka nemi siklid na tafkin Malawi amma su a tankinsu daban don fada gare su. Maganin kwalban nan ka ajiye shi, hawa da saukan da kake sa ruwan yana yi kullum ya fi pH 8.2 din illa. Lemun tsami kuma kar ka fara wlh, ruwa zai yi fari fat kamar an zuba madara.

Malamin_Kemistiri:

Wa alaikumus salam Malam Basakkwace. Abin da ɗan uwa na sama ya faɗa gaskiya ne, amma tunda ka yi tambaya a kan GH da KH bari in ɗan tsawaita, don in ka gane su ba mai sake sayar maka da kwalbar da ba ka buƙata.

Abu uku ne daban-daban. GH shi ne nauyin ruwa, wato yawan kalsiyam da magniziyam da suka narke a ciki, shi ne yake sa sabulu ya ƙi kumfa, shi ne kuma kifi da dodon koɗi da tsirrai suke ɗiba su gina ƙashi da ɓawo. KH kuma yawan bikabonet da kabonet ne, aikinsu su shanye duk wani tsami da ya shigo ruwan. Ka ga yadda mata suke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa ta kashe tsamin? To ruwanka da kanwarsa ya zo tun daga ƙarƙashin ƙasa. pH kuma sakamako ne kawai, abin da ya rage bayan an gama kokawa tsakanin KH da iskar kabon da ke cikin ruwan. Shi ya sa wanda yake bin pH da magani bai taɓa KH ba yake ta zagaye wuri ɗaya.

Ga abin da ke faruwa a tankinka da dare. Maganin asid ne. Ka ɗiga, ya haɗu da bikabonet, ya mayar da wani kaso nata iskar kabon, ruwan ya yi tsami na ɗan lokaci gwaji ya nuna maka 7 ka ji daɗi ka kwanta. Famfon iskarka kuma ya kwana yana kore kabon ɗin waje, da safe sauran bikabonet ɗin da ba ta ƙare ba ta mayar da pH sama. In kuma duwatsun nan da farar tsakuwar na farar ƙasa ne, asid ɗin yana narkar da su ne ma, wato kana ragewa da hannun dama suna ƙarawa da na hagu, GH ɗin ma sai ya hau. Wasu magungunan kuma fosfet ne a cikinsu, abincin gansakuka kenan, sai ka ga gilashi ya fara kore.

Kuma ina kyautata zaton na farar ƙasa ne. Yankinku a kan wannan dutsen yake zaune, ba banza aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina ba, dutsen da suke fasawa kalsiyam kabonet ne, shi ne dai farin ɓawon da kake kankarewa da reza. Ba kowane bohol na garin ne zai zama ɗaya ba, ya danganta da zurfinsa da shimfiɗar da ya huda, amma butar shayinku ta riga ta ba da shaida. Gwajin dutse ba wuya: ciro ɗaya ka bari ya bushe, ka ɗan kankare shi da ƙusa, ka ɗiga ruwan khal a wurin. In ya yi ƙananan kumfa yana ɗan tsss, fitar da shi duka. Ka yi wa tsakuwar ma haka.

Sai ka nemi kit na ɗigo, ka bar takardar nan don tana ruɗi musamman in ta sha zafi a shago. Akwai na kamfanin API a onlayin. Ruwa mililita 5 a 'yar kwalba, kana ɗigawa ɗaya-ɗaya kana girgizawa kana ƙirgawa. Na KH yana farawa shuɗi ya juye ruwan ɗorawa, na GH yana farawa ruwan lemo ya juye kore. Yawan ɗigon da ya juya kalar shi ne digirinka, kowane digiri ɗaya kuma daidai yake da miligiram 17.9 na kalsiyam kabonet a lita. Ka gwada biyu, ruwan tanki da ruwan jarka. Na jarkar in za ka duba pH ɗinsa ka bar shi a bokiti ya kwana tukuna, ruwan bohol yakan fito da kabon mai yawa, sabo-sabo sai ya nuna 7 da ɗan wani abu, in ya sha iska ya haye 8. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa su ce tanki ne yake ɓata musu ruwa.

Shawarwarin da aka ba ka kuwa. Lemun tsami a'a, asid ɗinsa abinci ne ga bakteriya, za su cinye shi su yi yawa ruwa ya turbuɗe su shanye iskar da kifi zai shaƙa, pH kuma ya dawo. Dafawa tana aiki amma rabi, tana sauke kalsiyam ɗin da ke tare da bikabonet ya kwanta a gindin tukunya, wanda ke tare da salfet ko kuloraid yana nan daram, kuma ka lissafa gas ɗin dafa lita 30 duk sati. Hanyar da ta tabbata guda ce, sirkawa da ruwan da babu komai a cikinsa, ko na injin RO, wato injin tacewa mai cire kusan duk abin da ya narke a ruwa, ko na sama. Lissafinsa na 'yan firamare ne, rabi da rabi yana raba GH da KH biyu. Ka kawo mana lambobin sai mu ga nawa za a sirka.

Basakkwace_120L:

Malam Allah ya saka da alheri, wallahi yau na gane abin da ake nufi. Na yi duk yadda ka ce.

Duwatsun kam suna jin khal suka hau kumfa, tsakuwar ma haka, na kwashe duwatsun amma tsakuwar na bar ta tukuna don ban san ko kwashe ta lokaci guda zai tada datti ba. Kit ya iso. Ruwan jarka GH 16, KH 11. Na tanki GH 21, KH 12. Na ari 'yar na'urar TDS, mai auna jimillar abin da ya narke a ruwa, wajen wani abokina, jarka ta nuna 410.

Abin mamaki shi ne piya wata. Na sayo kala biyu a shagon unguwa, ɗaya ya nuna 18, ɗayan 340, kuma duk biyun an zana musu tsauni da ƙanƙara a jikin leda. Wato na biyun ruwan bohol ne kawai aka tace aka ɗaure. To yanzu yaya zan sirka, kuma mi ya sa na tanki ya fi na jarka nauyi har da 5?

Malamin_Kemistiri:

Madalla. Dalili biyu ne ya sa na tanki ya fi. Na farko duwatsun da asid ya riƙa ci. Na biyu ƙafewa, kuma a garinku wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ruwa ne kaɗai yake tashi, kalsiyam ba ya bin sa, to in tanki ya ragu ka cike da na jarka ka ƙara sabon nauyi a kan tsoho, sati-sati abin yana taruwa. Daga yau ciko da piya watan nan mai 18, wanda da alama na RO ne, kawai za ka riƙa yi, ba sirki. Canjin ruwa shi ne ake sirkawa.

Tunda tanki ɗaya ne kuma akwai gupi da moli a ciki ni ba zan kai ka ƙasa sosai ba. Rabi da rabi zai ba ka GH 8, KH 5 da rabi, enjel zai zauna lafiya a haka, gupi ma ba za su yi ƙorafi ba, moli ne dai za su fi son yadda suke a da. In ka yi kashi ɗaya bohol kashi biyu RO za ka samu GH wajen 5, KH ƙasa da 4, ya fi wa tetira amma ka fara takura wa masu haihuwar. Kuma kar ranka ya ɓaci in ka ga pH bai wani motsa ba, raba KH biyu abin da yake rage wa pH bai wuce 0.3 ba in dai iskar kabon ɗin tana nan yadda take, wato daga 8.2 ka dawo 7.9. Hakan ya isa. Yawancin enjel da ake sayarwa a gona aka ƙyanƙyashe su ba daga kogin Amazon aka kamo su ba, ruwan da bai canzawa suke so.

A hankali za ka yi. Lita 20 zuwa 25 a sati da sirkakken ruwa, cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki tankin zai gangaro da kansa. Kifin da ya saba da ruwa mai nauyi in ka jefa shi mara nauyi lokaci guda jikinsa yana shan wahala wajen daidaita gishirin jininsa. Tsakuwar ma ka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan duk ranar canjin ruwa, ka maye da yashin rafi wankakke wanda ya tsallake gwajin khal.

Maman_Golfish_Jos:

Salam. Ku yi haƙuri in shigo da tawa a nan tunda magana ɗaya ce, sai dai tawa a juye take. Mu nan Jos ruwan rijiyarmu sabulu kaɗan kumfa ta cika bokiti, buta kuma ba ta taɓa yin farin nan ba. Golfish huɗu gare ni a tankin lita 100, sun girma sosai, ci kamar me kashi kamar me. Kwanakin baya na yi tafiya yara suka riƙa ba su abinci amma ba wanda ya canza ruwa, da na dawo na tarar duk sun yi lamo a ƙasa, jikinsu da wani farin yauƙi, jelar ɗaya da jan jini-jini. Na gwada pH ya nuna 6 wanda shi ne ƙarshen abin da kit ɗina yake iya nunawa, wato ƙila ma ya fi haka ƙasa. KH kuwa ɗigon farko ma bai yi shuɗi ba, kai tsaye ruwan ɗorawa. Ruwan rijiyar kansa KH 1 ne ko 2, GH 2.

Wata maƙwabciyata ta ce in jiƙa kanwa in zuba tunda tana kashe tsami, ga shi Malam ma ya ambaci kanwa a sama. Ina da ita a kicin, ungurnu ce mai kyau. In zuba? Ko kamar yaya yawanta?

Mai_Tarwada:

Hajiya zuba kawai kaɗan. Mu a kududdufin tarwada in ruwa ya lalace gishiri muke watsawa, wasu su sa farar ƙasa, ba ma wani gwaje-gwajen ɗigo kuma kifi yana kai kilo. Ku 'yan gilashi kun cika sa wa abu wahala.

Malamin_Kemistiri:

Hajiya don Allah dakata, mayar da kanwar kicin. Misali na yi da ita, ban ce a zuba ba.

Alhaji Mai Tarwada ina girmama sana'a, amma tarwada tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama kai tsaye, tana rayuwa a ruwan da golfish ba zai kwana ba, kuma kududdufi mai dubban lita da ake zubarwa ana sakewa ba ɗaya yake da lita 100 a rufe ba. Gishirin girki kuma ba ya taɓa KH ko kaɗan, wani aikin yake yi daban. Farar ƙasa dai na yarda da kai, zan zo kanta.

Matsalar kanwa guda biyu ce. Ba abu ɗaya ba ce, cakuɗe ce ta sodiyam kabonet da bikabonet da gishiri da salfet da ƙasa, kowane dunƙule da ƙarfinsa, jar kanwa daban ungurnu daban, ba yadda za a yi in ce miki cokali kaza. Sannan sodiyam kabonet ɗin da ke ciki yana da ƙarfi, a ruwan da babu KH kamar naki yana iya cilla pH ya wuce 9 cikin mintoci. Kuma ba ta ƙara GH, alhali shi ma kina buƙatarsa.

Bari in faɗi abin da ya faru da tankin don shi ne zai nuna miki inda haɗarin yake. Kifi yana fitar da amoniya, bakteriyar filta suna juya ta zuwa naitiret, kuma wannan aikin yana haifar da asid. Kowane miligiram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya da suka sarrafa yana cinye wajen miligiram 7 na KH. Wanda ruwansa yake da KH 11 kamar Basakkwace ba zai ma lura ba. Ke da kika fara da 1 ko 2, ga golfish huɗu manya, ga yara masu hannun kyauta, ga ba canjin ruwa, 'yan kwanaki kaɗan ya ƙare tas, pH ya faɗi. Da ya yi ƙasa da 6 su kansu bakteriyar sai aikinsu ya ja baya sosai, amoniya ta fara taruwa. Abin da ya sa kifin ba su mutu ba tukuna shi ne a ruwa mai tsami kusan duk amoniyar tana cikin siffar da ba ta cika cutarwa ba. A zafin digiri 25, a pH 7 kashi 0.6 cikin ɗari ne kawai mai dafin, a pH 8 ya haura kashi 5 cikin ɗari, kusan ninki goma. To kin ga in kika zuba kanwa pH ya yi tsalle daga 6 zuwa 9, duk amoniyar da ta taru kin kunce mata igiya lokaci guda. Haka ma in kika zubar da ruwan duka kika sa sabo, wannan ma girgiza ce.

Ga yadda za ki yi. Ki tsayar da abinci kwana biyu, ba abin da zai same su. Ki gwada amoniya in kina da kit ɗinta. Ki riƙa canza lita 10 zuwa 15 kullum kina zuƙe dattin ƙasa. A cikin sabon ruwan ki narkar da bekin soda, wadda aka rubuta sodiyam bikabonet a jiki, ki lura ba bekin fauda ta kek ba, ita waccan akwai asid da sitaci a ciki. Giram 3 yana ɗaga lita 100 da digiri ɗaya na KH, wajen rabin ƙaramin cokalin shayi kenan a shafe, kuma digiri ɗaya a rana ya isa kar ki wuce. Kyawun bekin soda shi ne ko hannu ya zarce ba ta kai pH sama da wajen 8.3. Ki tsaya in kin kai KH 4 ko 5. Soson filta kar ki wanke shi yanzu, 'yan bakteriyar da suka rage a nan suke.

Wannan na gaggawa ne. Na dindindin kuma ki je wajen masu sayar da kayan haɗa abincin kaji ki ce a ba ki ɓawon kawa wanda ake sa wa kaji masu ƙwai, ko dakakken dutsen farar ƙasa, arha ne. Ki wanke shi sosai har ruwan ya daina fari, ki ɗaure kamar cikin tafin hannu biyu a tsohuwar safa ko ragar lemo ki sa inda ruwan filta yake bi. Shi yana narkewa ne daidai da tsamin ruwan, in ruwa ya yi tsami ya narke da sauri, in ya daidaita ya lafa, kuma GH da KH yake ɗagawa tare. Ɓawon ƙwai ma yana yi in an dafa shi an ɓare fatar ciki, sai dai ana buƙatar da yawa. In bayan sati biyu GH bai kai 5 ko 6 ba ki ƙara ɗan gishirin Epsom na kemis, giram 4.4 a lita 100 digiri ɗaya ne, amma magniziyam ne zalla don haka kar ya zama shi ne babba, kalsiyam ake so ya fi yawa kamar uku bisa ɗaya.

Abin dariyar shi ne duwatsun da Basakkwace ya kwashe ya zubar su ne maganinki, da kuna kusa da sai ya aiko miki.

Tsohon_Hannu_KD:

Malam ya gama magana a kan ruwa ba abin da zan ƙara, sai dai ina jin akwai abin da ba wanda ya tambayi Basakkwace: zafin tankin nawa ne? Niyon tetira kifin ruwa mai ɗan sanyi ne, 21 zuwa 26 yake so, ko 28 ya daɗe a ciki sai ka ga yana ramewa. Sakkwato a watan Maris da Afrilu waje yana wuce 40, falo in ba wuta ba fanka ruwan gilashi yana iya kai 32 ko fiye, kuma ruwa mai zafi iskar da ke cikinsa kaɗan ce, numfashi sama-saman da ka ce ya fi kama da wannan. Ni na riƙe niyon a ruwa mai GH sama da 10 sun yi shekaru, ƙwai ne dai ba sa ƙyanƙyashewa, amma zafi bai taɓa bar min su ba. Ka sa tamomita, wato ma'aunin zafi, ka duba da ƙarfe huɗu na yamma kafin ka kashe kuɗi a piya wata saboda su. In ja da shuɗin ne ya tafi da kai kadinal tetira ya fi jure zafi, amma shi kuma ɗan kogin Rio Negro ne a Burazil inda ruwa kusan babu GH babu KH, ka koma gidan jiya kenan. Kuma enjel in ya girma niyon abincinsa ne, wata rana za ka ƙirga ka ga ba su cika ba kuma ba gawa.

Maganar maiɗakinka ta ruwan sama tana kan hanya, kyauta ne kuma kusan babu komai a cikinsa. Kar dai ka tari na farkon damina, kwano ya sha ƙurar rani da kashin tsuntsu, ka bari a yi ruwa mai ƙarfi sau biyu uku ya wanke, kuma ko a ranar ka bar na mintocin farko ya zube. Kwano mai tsatsa ko sabon fenti ka guje shi. Durom na roba mai murfi a inuwa, saboda sauro. Shi kaɗai ba a zuba wa kifi, sai ka faɗa ramin da Maman Golfish take ciki, sirkawa za ka yi kamar na RO. Matsalarsa a wajenku damina wata huɗu ce, durom ɗaya ba zai kai ka rani ba.

Fanka ƙarama tana hura saman ruwan tana sauke digiri biyu zuwa uku, amma ƙafewa za ta ƙaru, ciko kenan.

Basakkwace_120L:

Baba Tsohon Hannu ka taɓo wurin. Na sa tamomita jiya da la'asar, 33 ya nuna. Niyon uku suka rage, akwai wani abokina mai sola da esi a ofis zan kai mashi su. Enjel dai ina son su, zan bi rabi da rabin Malam.

Na yi lissafi, jakar piya wata leda 20 ce, lita 10 kenan. Canjin sati lita 24, rabinsa 12, ga ciko da fanka za ta ƙara wanda ina ga zai kai lita 10 a wannan zafin, wato jaka biyu da wani abu duk sati kuma sai na zauna na yanke leda sama da arba'in da almakashi. Gobe zan bi adireshin da ke jikin ledar mai 18 ɗin in ji ko za su yarda su riƙa cika min jarka kai tsaye daga injin. Malam in sun yarda, ruwan RO yana iya zama a jarka sati biyu ba matsala, ko sai na riƙa karɓo sabo duk sati?